Jawa, tsibirin da atamfa ta samo asali

Duk lefen da za a buɗe a Sabon Birni ko Isa, turamen atamfa ake fara ƙirgawa kafin a waiwayi leshi da shadda. Mata sun san ta Holan, sun san ta Ingila, sun kuma san ta Chana mai sauƙin kuɗi. Amma wannan salon zane ba a Holan aka ƙago shi ba, ba kuma a Afirka ba. Daga Jawa ya fito, wani tsibiri na ƙasar Indunusiya, can gabas bayan Indiya. Alhazanmu sun san mutanensa, don kuwa galibi ƙasarsu ce kan gaba wajen yawan mahajjata.

Faɗin Jawa ya kai murabba'in kilomita 130,000, wato kamar Jihar Sakkwato sau biyar, amma mutum sama da miliyan 150 ne ke zaune a kansa. Babu tsibirin da ya kai shi yawan jama'a a duniya, kuma fiye da rabin 'yan Indunusiya nan suke, har da babban birninsu Jakarta. Me ke ciyar da wannan taro? Duwatsu masu aman wuta. Sun jeru daga yamma zuwa gabas, mafi tsawonsu Semeru mai mita 3,676. Tokar da suke fesowa takan zama taki, ga ruwan sama wadatacce, har manomi ya girbe shinkafa sau biyu ko uku a shekara. Wanda ke noma a fadamar Rima zai gane lissafin: ambaliyar da ta ci gonar bana ita ke barin laka mai albarka ga baɗi. Sai dai farashin can ya fi tsada. Aman da dutsen Merapi ya yi a 2010 ya kashe mutum sama da 350, na Karakatawu kuwa, a mashigin teku tsakanin Jawa da Sumatra, ya hallaka fiye da 36,000 a 1883. Duk da haka da zarar ƙura ta lafa, manoma sukan koma gindin dutsen.

Kafin Musulunci, addinan Hindu da Buda ne ke da ƙarfi, ga katafaren ginin Borobudur na ƙarni na 9 yana nan tsaye, ga daular Majapahit da aka kafa a 1293. Fatake da malamai suka kawo Musulunci ta gaɓar arewa, inda aka kafa masarautar Demak a ƙarshen ƙarni na 15. Turawan Holan sun kafa sansaninsu na Batabiya, Jakartan yau, a 1619. Lokacin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ke mulki a Sakkwato, wani ɗan sarki malami mai suna Diponegoro ya yaƙe su daga 1825 zuwa 1830, suka kama shi bayan sun kira shi zaman sulhu. Daga nan suka tilasta wa talakawa noman rake da kofi da baba. Sai ranar 17 ga Agusta, 1945 aka shelanta 'yancin kai.

Zanen mutanen Jawa, da suke kira batik, aikin haƙuri ne. Mace takan narka kaki, ta ɗebo da wani ɗan cokalin jan ƙarfe mai siririn baki, ta zana ado a kan farin yadi. In aka tsoma cikin rini, inda kaki ya rufe launi ba ya kamawa. A kankare, a sake shafawa, a sake rinawa da wani launi, har zane ɗaya ya ci watanni. Shuɗinsa daga baba yake, irin wanda marinan Kano suka sani. Maza da mata duk suna ɗaura shi a ƙugu. Mace ta ɗora riga mai dogon hannu da ake kira kebaya, namiji ya sa hular batik mai kama da naɗi. A fadojin Yogyakarta da Solo akwai adon da a da sarki da iyalinsa kaɗai ke sawa, talaka bai isa ba. A 2009 hukumar UNESCO ta sa batik cikin kayan gadon duniya, kuma 2 ga Oktoba ta zama ranar batik a ƙasar.

To, yaya ya ƙetaro mana? A ƙarni na 19 masana'antun Holan suka shiga kwaikwayonsa da inji don su sayar wa mutanen Jawa da araha. Cikinsu har da wadda aka kafa a garin Helmond a 1846, wadda yau ake kira Vlisco. Kakin injin yakan tsattsage, rini ya ratsa ya bar jijiya-jijiya a jikin yadin. Mutanen Jawa suka ce wannan aibi ne, ba su saya. Wajen shekarun 1890 wani ɗan kasuwa ɗan Sikotilan, Ebenezer Brown Fleming, ya kawo hajar Gwalkwas, Gana ta yau, matan can kuwa wannan tsagar ce ta burge su. Akan ce sojojin Afirka kusan 3,000 da Holan ta ɗiba daga garin Elmina na Gana ta kai Indunusiya tsakanin 1831 da 1872 su suka fara komowa da batik. A ganina an fi ba su lada fiye da aikinsu, domin 'yan kasuwa da mata masu sayarwa su suka raya harkar.

Mu ma mun taɓa buga tamu. An buɗe masaƙar Kaduna a 1957, wasu suka biyo baya a Kaduna da Kano, audugar arewa tana shiga, atamfa tana fita. Yawancinsu sun rufe, abin takaici, alhali Jawa har gobe tana da masu zana batik da hannu a Pekalongan da Solo. Turmin da ɗan kasuwar Isa ke sarowa a Kantin Kwari yau, galibi daga Chana aka yi masa lodi.