Shiri na Musamman: Tsakiya a Cikin Taya da Rawar Sitiyari

Shirin namu na yau na direbobi ne da masu faci, da duk wanda sitiyari ya taɓa karkarwa a hannunsa da zarar mota ta kai gudun kilomita 90 ko 100 a awa.

Galibi wannan karkarwa daga taya take. Da wuya a sami tayar da nauyinta ya zo daidai ta kowane ɓangare. Kamar fankar sama ce da fiffike ɗaya ya fi sauran nauyi: tana tafiya a hankali ba ka ganin komai, da an ƙure ta sai ta kama rawa. Taya mai rawa kuwa cinyewa take yi wuri-wuri, ta gajiyar da shokazoba, ta gajiyar da direba.

Maganin da muka saba da shi shi ne zuwa wurin masu balansin, su ɗora wili a na'ura, su maƙala masa guntun darma a inda ya gaza nauyi. Tarayyar Turai ta hana amfani da darmar nan tun 2005 saboda gubarta, aka koma ƙarfe da tutiya. Amma akwai wata dabara da direbobin manyan motoci da masu babura a Amurka da Kanada suka daɗe da runguma, wato zuba wasu ƙananan duwatsu masu kama da tsakiya a cikin tayar. Cikin irin waɗanda kamfanoni ke sayarwa, Dyna Beads na tangaran ne, Counteract kuma na gilashi ne da aka gasa ya yi ƙarfi.

To, yaya suke aiki? Idan mota na tsaye, suna kwance a ƙasan taya. Da tafiya ta miƙa, sai juyawa ta watsa su su manne a jikin tayar ta ciki. Duk sa'ad da ɓangare mai nauyi ya fizgi wili, sai su gangara zuwa ɗaya ɓangaren, har nauyin ya daidaita. Haka suke yi a kowace tafiya, ko da taya ta fara cinyewa, ko laka ta maƙale a wili. Tayar babur kan ɗauki giram 28 zuwa 57, ta tirela kuwa kusan giram 300.

A nan ne nake roƙon ku saurara da kyau. Tsakiyar nan rawar sama da ƙasa take gyarawa. Rawar gefe da gefe, wadda ta fi damun tayoyi masu faɗi marasa tsayi na ƙananan motocin zamani, ba ta iya mata komai. Mai ƙaramar mota da ya zuba ta yana iya asarar kuɗinsa, sitiyari kuma na nan na rawa.

Da yake tsakiyar tana da tsada, mutane sun shiga neman madadi. Wanda ya fi karɓuwa shi ne harsashin roba na bindigar wasa, mai faɗin milimita 6. Idan kowane ɗaya giram 0.20 ne, guda 140 za su ba ka giram 28. Masu manyan tayoyin shiga daji suna amfani da shi, amma ba ya bi ta bawul, sai an ɓalle taya daga wili, kuma irin wanda aka yi don ya ruɓe a ƙasa bai dace ba. Ƙwallayen ƙarfe tsatsa suke yi. Yashi kuwa, don Allah kada wanda ya gwada: yana kankare fatar cikin taya, wadda ita ke riƙe iska a tubles, yana toshe bawul, kuma da ya sha laima sai ya dunƙule wuri guda, rawar ta fi ta da.

Batun laima ma babba ne. Injin iskan da ba a zubar da ruwan tankinsa yana hura danshi cikin taya, haka ma ruwan sabulun da mai faci ke laftawa a bakinta. Ko tsakiyar kamfani ce za ta iya mannewa. Shi ya sa ake haɗa ta da bawul mai matata, a kuma kula iskar ta zama busasshiya.

Mafi arha a ganina bai wuce kula ba. A wanke lakar da ke cikin wili. A duba ko ya lanƙwashe. Idan sabuwar taya tana da ɗigon fenti ruwan ɗorawa a gefenta, nan ne ta fi rashin nauyi, sai a ce wa mai faci ya saita shi daidai da bawul. A kuma karanta lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya: 2319 na nufin an yi ta a mako na 23 na shekarar 2019. Tsohuwar taya da ta kumbura ko ta tsattsage, babu tsakiyar da za ta gyara ta.

Malam direba, in tirela kake ja ko babur, tsakiyar gaske za ta yi maka amfani. In ƙaramar mota ce, ka kai ta na'ura, kuma kada ka ɗebi fasinja sitiyari na rawa. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu, a huta lafiya.