Iten: Garin 'Yan Gudu da Masu Ɗaukar Nauyinsu

Iten ƙaramin gari ne a gundumar Elgeyo-Marakwet da ke yammacin Kenya, kimanin kilomita 35 daga birnin Eldoret. Yana bakin tsaunin da ke fuskantar kwarin Kerio, a kan tudu mai tsayin kusan mita 2,400 daga teku, wato ninki biyu na tudun da Jos take kai. Yawancin mutanensa 'yan ƙabilar Kalenjin ne, manoma masara da alkama, masu kiwon shanu. Duniya kuwa da gudun dogon zango ta san garin, don matasa daga ko'ina cikin Kenya suna tururuwa can su yi atisaye, haka ma baƙi daga Turai da Amurka.

Tun kafin gari ya waye sosai 'yan gudu suke fitowa rukuni-rukuni a kan hanyoyin jar ƙasa da suka ratsa gonaki. Iskar tudu ba ta cika ƙirji kamar ta ƙasa, saboda haka jiki ke ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini, abin da ke amfanar ɗan tsere idan ya sauka wajen gasa. Ranar Alhamis ake babban atisayen haɗin gwiwa: ɗaruruwan mutane su taru a mararraba, su tashi tare, a sheƙa da ƙarfi na ɗan lokaci, a sassauta, a sake sheƙawa, har masu rauni su zube a hanya. Babu kuɗin shiga, babu mai tambayar suna. Bayan gudu sai shayi mai madara da sukari, sai barci, da yamma a sake fita. Abincin dare tuwon masara ne da suke kira ugali, da ganyen sukuma wiki.

Wannan rayuwa ba ta da tsada a idon baƙo, amma ta fi ƙarfin ɗan talakan manomi. Wanda ke gudu sau biyu a rana ba ya iya noma ko ƙwadago, ga kuɗin hayar ɗaki, ga abinci, ga takalmin da ba ya daɗewa a kan tsakuwa. Dillalan 'yan wasa da kamfanonin takalma ba sa kallon yaro sai ya riga ya nuna kansa a gasa. Shekarun da ke tsakanin fara gudu da samun dillali su ne mafi wuya, kuma a nan ne da yawa suke haƙura su koma gida. Kusan duk tallafin da ya yi tasiri a Iten wannan giɓi ya cike.

Tushen abin makaranta ce. A 1961 wata ƙungiyar 'yan mishan na Katolika daga ƙasar Ayalan ta kafa makarantar kwana ta St. Patrick a garin. Daga cikin ɗalibanta na farko-farko akwai Mike Boit, wanda ya ci tagulla a tseren mita 800 na wasannin Olamfik a 1972. A 1976 wani matashin malami mai suna Colm O'Connell ya zo koyar da labarin ƙasa, bai kuwa san komai ba game da horar da 'yan tsere. A bakin fili ya koya, yana kallon ɗalibansa. Daga hannunsa Peter Rono ya fito ya ci zinare a mita 1,500 a Seoul a 1988, Matthew Birir ya ci nasa a tseren tsallake shinge a Barcelona a 1992, daga baya kuma David Rudisha ya kafa tarihin duniya a mita 800 a Landan a 2012. A harabar makarantar ana dasa itace da sunan duk wanda ya yi fice.

Abin da ya fi lambobin yabon muhimmanci shi ne sansanin hutu da O'Connell ya fara a 1989. Duk lokacin hutun makaranta yakan tara yara daga makarantun yankin, a ba su makwanci da abinci da horo, kuma ya buɗe ƙofa ga 'yan mata a lokacin da iyaye da dama ke ganin gudu ba aikin mace ba ne. Sally Barsosio, wadda ta zama zakarar duniya a mita 10,000 a 1997, ta bi ta wannan hanya. Hikimar tsarin ita ce ba ya raba yaro da aji. Cikin ɗari da suka fara gudu kaɗan ne za su ci abinci da shi, rauni ɗaya a gwiwa kuma ya isa ya rufe babin. Wanda ya gama sakandare yana da abin komawa.

A kan wannan tunani Mike Boit da wani ɗan jaridar Amurka, John Manners, suka kafa shirin KenSAP a 2004, don taimaka wa haziƙan ɗalibai 'ya'yan talakawa samun gurbin karatu kyauta a jami'o'in Amurka. A shekarun farko har gwajin gudu ake yi wa masu nema. Ƙungiyar Shoe4Africa ta Toby Tanser kuwa da tattara takalman da aka riga aka sa ta fara, tana rabawa, tana shirya tseren mata, kafin aikinta ya kai ga gina asibitin yara a Eldoret a 2015.

Kaso mai yawa na tallafin daga aljihun 'yan gudun kansu yake fitowa. Lornah Kiplagat, wadda daga baya ta koma yi wa Holan tsere, ta zuba kuɗin da ta ci a gasa ta buɗe cibiyar horo a Iten a 1999, da nufin 'yan mata su sami wurin da za su yi atisaye ba tare da an ɗora musu girki da wankin maza ba. Baƙi masu biyan kuɗi suna sauka a cibiyar, abin da suke biya yana taimakawa wajen riƙe wurin. Akwai kuma taimakon da ba ya shiga kowane littafi. Wanda ya ci gasar fanfalaki a waje yakan dawo ya riƙe matasa biyar ko goma, ya biya musu haya, ya miƙa musu takalman da kamfani ya aiko masa, su kuma su riƙa raka shi gudu. Da irin wannan hannu ne akasarin masu tasowa suke rayuwa.

Sai dai taimakon da babu ƙa'ida a kansa yana iya zama igiya a wuya, musamman ga 'yan mata. Yarinyar da ba ta da kuɗin takalmi takan faɗa hannun namijin da zai zama kocinta, dillalinta, daga baya mijinta, ya riƙe mata katin banki da takardun fili. A watan Oktoba na 2021 aka sami gawar Agnes Tirop a gidanta da ke Iten, tana da shekara 25, wata guda bayan ta kafa tarihin duniya a tseren kilomita 10 na mata zalla. An gurfanar da mijinta a kotu bisa tuhumar kisa. 'Yan uwanta da abokan gudunta, ciki har da Viola Cheptoo Lagat, suka kafa ƙungiyar Tirop's Angels, wadda ke karɓar matan da ake duka a gida, tana kuma shiga makarantu da sansanoni tana faɗakar da 'yan mata kan haƙƙinsu da dukiyarsu.

Matsala ta biyu ita ce ƙwayoyin ƙara kuzari. Matashin da danginsa suka sayar da saniya suka tura shi Iten yana jin nauyin dole ya dawo da wani abu, masu sayar da allura a ɓoye kuma sun san haka. Yawan 'yan Kenya da aka dakatar ya sa hukumar da ke sa ido kan wasannin guje-guje ta duniya ta sanya ƙasar a rukunin da ya fi haɗari. A 2022 gwamnatin Kenya ta yi alkawarin kashe dala miliyan 5 duk shekara, har shekara biyar, kan gwaji da bincike da wayar da kai, kuma gwajin ya fara kaiwa ga ƙananan 'yan gudu da ba su taɓa fita ƙasar waje ba.