Rumbun siffofin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa: yadda ya bunƙasa da gurbin da ke jiran masanan Najeriya

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86, kuma kowace na da tata siffar. Wata ta yi rassa kamar tsohuwar bishiyar kuka, wata kuma siririya ce mai reshe biyu ko uku. Siffar ba ado ba ce: tsawon rassan da yadda suka rarrabu su ne ke tantance yawan saƙon da ƙwayar za ta karɓa da inda za ta kai shi. A cututtuka irin su farfaɗiya da cutar mantuwa ta tsufa, masana sun ga rassan suna ƙanƙancewa ko suna sauya fasali.

Tun a 1873 masanin Italiya Camillo Golgi ya gano hanyar rina ƙwayoyin da sinadarin azurfa, ɗan Sifaniya Santiago Ramón y Cajal kuma ya yi amfani da ita ya zana su da hannu. Sun raba kyautar Nobel a 1906. Sai dai zanen takarda kallo kawai ake yi masa, ba a iya juya shi ko a auna zurfinsa.

A yau mai bincike na bin rassan ne a kwamfuta, ɗigo bayan ɗigo, daga hotunan da madubin ƙara girma ya ɗauka. Kowane ɗigo ana rubuta masa abubuwa bakwai a layi guda: lambarsa, irin sashen da yake, wurinsa ta fuskoki uku, kaurin reshen a wurin, da lambar ɗigon da ya fito daga gare shi. Wannan tsari, da ake kira SWC, rubutu ne zalla, shi ya sa ba ya cin wuri. Wahalar tana wajen bin rassan, domin ƙwaya ɗaya mai yawan rassa kan cinye wa mutum kwanaki.

Shekaru da dama, irin wannan aiki kan kwanta ne a kwamfutar wanda ya yi shi da zarar an buga maƙala. Hakan ya sa Farfesa Giorgio Ascoli na Jami'ar George Mason da ke jihar Bajiniya ta Amurka ya buɗe rumbun NeuroMorpho a intanet a 2006, da siffofi kimanin dubu ɗaya. Yanzu sun haura 200,000, daga ɗaruruwan ɗakunan bincike, na ɓeraye da birai da ƙudaje da kifaye da mutane.

Yadda ya girma shi ne abin lura. Ma'aikatan rumbun ba sa zaman jira. Suna bin mujallun kimiyya, duk inda suka ga an zana ƙwayoyi sai su rubuta wa masu aikin su nemi bayanan. Wasu kan ba da, wasu su yi shiru, wasu su ƙi don tsoron kada a riga su cin moriyar guminsu. Tsoron yana da dalili, amma rumbun na haɗa kowace siffa da sunan ɗakin binciken da maƙalar da ta fito, duk wanda ya ɗauka kuma ana buƙatar ya ambaci mai ita. Kafin a saka siffa ana gyara kurakuranta, a rubuta irin dabbar, shekarunta, sashen ƙwaƙwalwar da hanyar rinin.

Saukar da bayanan kyauta ne. Ɗalibin da ke zaune a Jiwa, a Babban Birnin Tarayya, yana da ƙaramar kwamfuta da ɗan data, zai iya kwatanta ƙwayoyin ɓera da na mutum ba tare da ya taɓa madubin miliyoyin naira ba. A ƙasar da kayan bincike ke da tsada, wannan ba ƙaramar dama ba ce.

Amma ɗauka kawai ba ta isa ba. Wani nazari da Dokta Mahmoud Bukar Maina ya jagoranta, wanda aka buga a 2021, ya nuna Najeriya ce ta uku a Afirka wajen yawan maƙalun kimiyyar ƙwaƙwalwa, bayan Masar da Afirka ta Kudu, sai dai amfani da na'urorin zamani ya yi ƙaranci a nahiyar. A shekarar ce aka buɗe cibiyar BioRTC a Jami'ar Jihar Yobe da ke Damaturu, wadda ke horar da matasa kan ɗaukar hoton ƙwayoyin halitta.

Kuma muna da abin bayarwa. Mafi yawan siffofin rumbun na ɓerayen ɗakin gwaji ne, alhali masanan Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da na Jami'ar Ibadan sun daɗe suna nazarin ƙwaƙwalwar gafiya, dabbar da 'yar'uwarta ke samun horo a Tanzaniya kan sansano nakiyoyi da tarin fuka. Ana iya mayar da hotunan irin wannan bincike zuwa tsarin SWC da manhajoji na kyauta, a aika wa rumbun ɗauke da sunan jami'ar da ta yi aikin.