Kututturen Sabara da Murhun Gidan Kirista

Duk wanda ya bi hanyar Kafin Hausa zuwa Haɗeja a ƙarshen bazara ya san hayaƙin sharar gona. Manomi na bin gonarsa da gatari, yana sassabe tohon sabara da kalgo, ya tara su da karan bara, ya cinna wuta. In ka tambaye shi ya ce gyara yake yi, ai gonar da aka bar wa tsirai gonar rago ce. Baɗi war haka tohon ya dawo daidai inda aka sare shi, a sake bi ta kansa. Sai a shekara talatin ana kokawa da kututture ɗaya, ba a tsaya an tambayi abin da ke ƙarƙashin ƙasa da ya ƙi mutuwa haka ba.

Kiristoci ba su da yawa a wannan yanki. Akwai malaman makaranta, ma'aikatan asibiti, masu shaguna, da waɗanda ke taɓa noma a gefe. Rijiyar da maƙwabtansu Musulmi ke sha ita suke sha, itacen da ake saya a bakin kasuwa shi suke saya, kuma da ruwa ya yi gyara a Bulangu da kewaye a daminar 2022 bai tambayi kowa addininsa ba. Don haka idan fasto ya yi wa'azi ranar Lahadi a kan kula da halittar Allah, tambayar da ke jiran uwar gida ranar Litinin ita ce: da me zan dafa tuwo?

Tushen maganar a Littafi Mai Tsarki ba ɓoyayye ba ne. Babi na 2 na Littafin Farawa ya ajiye mutum a cikin gona da aiki iri biyu, noma da tsaro. Littafin Firistoci ya ba ƙasa hutu duk shekara ta bakwai, ya kuma hana mai gona kwashe amfaninsa ƙarƙaf, domin matalauci da baƙo su sami kala. Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa kala, ko a fassara masa amana. Manyan ikilisiyoyi sun ɗora a kan haka: Angilikan sun sa kiyaye halitta cikin ginshiƙan aikin bishara a 1990, Fafaroma Francis kuma ya fitar da wasiƙarsa Laudato Si' a 2015. Amma a ganina wa'azin da ya fi shiga kunnen manomin ƙasar Hausa ba a kan bagadi aka yi shi ba. A cikin yashin Maraɗi aka yi shi.

Tony Rinaudo ɗan Ostireliya ne, masanin noma, ya zo Nijar a ƙarƙashin mishan ɗin SIM, wadda ita ce uwar cocin ECWA a Najeriya. Aikinsa na farko shi ne rainon dashe da rarraba shi a ƙauyuka, kuma mafi yawan abin da ya dasa mutuwa yake yi: rana ta ƙone, awaki su cinye, gara ta ƙarasa. Wata rana a 1983, yana ɗauke da dashe a mota, ya tsaya ya rage iskar taya saboda yashi. Ya sha faɗin cewa a wurin ya yi addu'a, cikin karaya, yana neman gafara a kan yadda mutane suka lalata ƙasa, yana roƙon a buɗe masa ido. Sai ya lura da wani ɗan tsiro a gefen hanya. Da ya duba ganyen, ya ga ashe itace ne da aka sare tuntuni, yana ƙoƙarin dawowa.

Ga yadda abin yake. Itacen da aka sare, saiwarsa ba ta mutu ba. Ta riga ta nutsa ta kai ga laima, tana kuma riƙe da abincin da ta tara shekara da shekaru. Dashen da aka ɗauko daga leda jariri ne, sai an shayar da shi; kututture kuwa babba ne da aka yi wa aski. Matsalarsa ita ce yakan fitar da toho ashirin ko talatin a lokaci guda, duk suna rabon abinci ɗaya, babu wanda ke yin tsawo. Aikin manomi shi ne ya zaɓi uku zuwa biyar masu ƙarfi da miƙewa, ya datse sauran da wuƙa mai kaifi, yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya tsage. Ya rage rassan ƙasa har wajen rabin tsawon, ya bar na sama. Wasu kan ɗaura tsumma a jiki, alamar cewa wannan da mai shi. Bayan 'yan watanni ya dawo ya sake gyarawa. Babu kuɗin iri, babu ban ruwa, babu jiran gwamnati. Manoman Nijar suka sa wa wannan aiki suna sassaben zamani.

Ba a karɓe shi da tafi ba. An kira Rinaudo mahaukacin Bature, don wa zai bar itace a gonar gero? A yunwar 1984 aka haɗa aikin da rabon abinci, mutane suka yi don dole, da yunwa ta wuce da yawa suka sare abin da suka raina. Waɗanda suka bari su ne suka ga bambanci: iska ta daina binne shuka da yashi, ganye ya zama taki, dabbobi sun sami abin ci da rani. Gawo ya fi kowa kirki, tunda da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa. Daga nan maƙwabci ya koya daga maƙwabci, kuma kusan dukkansu Musulmi ne. Da masana suka gwada hotunan sama na da da na yanzu, sun ƙiyasta fili kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. A 2018 aka ba Rinaudo lambar Right Livelihood, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso.

Abin da ya haɗa wannan da kicin shi ne reshen da aka datse. Tohon da ba a kai wa wuta a gona ba, shi ne itacen girki. Duk shekara ana iya cire reshe guda daga kowane kututture, sabon toho ya maye gurbinsa, ba a kashe uwar ba.

Sauran lissafin yana wurin murhu. Murhu mai duwatsu uku a tsakar gida, da hunturu, rabin wutarsa iska yake dafawa. Uwar gidan da ta kewaye shi da laka, ta bar ƙofa ɗaya ta sa itace, ta zaunar da tukunya daf da harshen wuta, ta rufe ta da murfi, za ta ga daurin itacen ya ƙara kwana. Wake a jiƙa shi tun dare. Itace a faskara shi ƙanana, a bar shi ya bushe, domin ɗanye hayaƙi yake yi, hayaƙin kuma a ƙirjin mai girki da goyon da ke bayanta yake sauka. A ƙasar shinkafa irin wannan, ɓuntun da ke tule a bayan injin casa ma makamashi ne ga mai murhun da ya dace da shi. Irin wannan ilimi a taron zumuntar mata ya fi saurin yawo, don mace ba ta yarda da murhu sai ta ga tuwon da ya dafa.

Kogin Haɗeja kuwa ya fi ƙarfin gida ɗaya, gara a faɗi gaskiya. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, ruwan Haɗeja ya sauya hali. Da can yakan cika da damina ya janye da rani, hanyoyinsa su bushe. Yanzu ana sako shi kusan tsawon shekara, ciyawar kacala kuma abin da take so ke nan. Ta cika magudanai, ta tare laka, ruwa ya rasa hanya ya fantsama cikin gonaki, ita kuma ta zama masaukin tsuntsayen jan baki masu cinye shinkafa. Rabon iyali a nan ƙarami ne: magidanci ya fito aikin gayya ranar yankan kacala, kada ya ce ai shi baƙo ne, kada a sayi kifin da aka san da guba aka kama shi, ledar fiya wata kada ta tafi kwata, don inda ba ta toshe ruwa ba tumbin akuya take ƙarewa. Wani abin lura, makonnin da coci-coci da dama a duniya suka keɓe don addu'a a kan halitta, daga 1 ga Satumba zuwa 4 ga Oktoba, sun faɗo daidai lokacin da mutanen bakin kogin nan ke kwana da ido ɗaya suna duban jinga.

Akwai wani ƙulli da ya shafi Kiristan wannan yanki musamman. Da yawansu gonar aro ko ta haya suke nomawa, itace kuma a ƙasar Hausa magana ce ta mallaka. A Nijar ma abin bai kankama ba sai da manomi ya tabbata cewa itacen da ya raina nasa ne, ma'aikacin gandun daji ba zai ci shi tara ba. Wanda ya bar gawo ya girma a gonar da ba tasa ba, ba tare da ya faɗa ba, ana iya zaton kafa hujja yake yi. Shi ya sa kafin a wasa wuƙa ake fara zuwa zaure. A gaisa, a tambayi iyali, sannan a ce: "Baba, akwai kututture bakwai a gonar nan da nake so in raina. Itacen naka ne, ni dai a bar mini abin da na datse." In dattijon ya amince, sai a nemi mai unguwa ya zama shaida, a kuma aika wa makiyayan da ke sauka a gonar bayan girbi cewa mai tsumma a jiki ba na sara ba ne.