Ciwon da Korona ta Bari a Zukata

Tun da aka janye dokar kulle aka buɗe kasuwanni, mutane suka ɗauka maganar korona ta wuce. A wasu gidajen kuwa ba ta wuce ba. Akwai magidancin da tun 2020 barcinsa bai koma daidai ba, akwai matar da har yau gabanta ke faɗuwa in ta ji tari a ɗaki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar duniya ranar 11 ga Maris, 2020. Bayan shekara biyu ta fitar da rahoto cewa a shekarar farko kaɗai, ciwon damuwa da na fargaba sun ƙaru da kusan kashi 25 cikin 100 a duniya, kuma mata da matasa suka fi jin jiki. Wani bincike na Jami'ar Oxford a 2021 ya gano cewa kusan mutum ɗaya cikin uku na waɗanda suka kamu da korona an same su da wata matsala ta ƙwaƙwalwa ko ta jijiyoyi cikin wata shida.

A ƙasar Hausa abin ya zo ta inda ba mu saba ba. Mu mutane ne da ke rage baƙin ciki da jama'a. In an yi rasuwa a cika ƙofar gida, a yi zaman makoki, mata su kewaye mai takaba, kowa ya ce Allah Ya ba da haƙuri. Mai damuwa ya fita sallar jam'i, ya zauna a majalisa, ya dawo zuciyarsa ta yi sanyi. To duk wannan ne aka ce a dakatar. A watan Afrilun 2020, lokacin da aka yi ta rasa dattawa a Kano kuma aka kulle garin, mutane da yawa ta waya suka karɓi gaisuwar iyayensu. Baƙin cikin da ba a raba shi da kowa ba yakan daɗe bai warke ba. Ga kuma mai neman na hannu baka hannu ƙwarya, ɗan dako ko mai shayi, da aka ce ya zauna a gida yana kallon 'ya'yansa babu na cefane. Almajiran da aka yi ta lodawa a motoci daga wannan jiha zuwa waccan ma, ba a cika tambayar abin da hakan ya bari a ransu ba.

Amma a ganina waɗanda aka fi mantawa da su su ne masu taɓin hankali tun asali. Mai irin wannan ciwon yakan zauna lafiya shekara da shekaru muddin yana shan maganinsa ko karɓar allurarsa a kan lokaci. Da an yanke, ciwon na iya dawowa, wani lokaci fiye da na baya. Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi a ƙasashe 130 a 2020 ya nuna cewa kashi 93 cikin 100 nasu aikin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa ya samu tangarɗa ko ya tsaya. Su kansu asibitocin sun zama wurin haɗari: a Koriya ta Kudu, a wani asibiti da ke Cheongdo, kusan duk majinyatan sashen taɓin hankali sun kamu a watan Fabrairun 2020.

Ƙasashe masu arziki sun koma ganin likita ta waya da intanet. Mu fa? Najeriya mai mutum sama da miliyan 200, likitocin ƙwaƙwalwarta 'yan ɗaruruwa ne kawai. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa irin na Kaduna, Maiduguri, Kware da Dawanau suna nesa da mutumin ƙauye, sai ga shi an rufe hanyoyin shiga jihohi. Ba mamaki in wasu iyalan suka koma ɗaure majinyacinsu da mari, ba don mugunta ba, don rashin abin yi. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawa. Doka kuwa ba ta kai magani ƙauye da kanta. Sai an horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci, an ajiye maganin a can.

Kai mai karatu, duba gidanku. In akwai wanda ya haura mako biyu ba ya barci, ba ya cin abinci, ya daina sha'awar komai, ko yana cewa gara ya mutu, kada a tsaya a kan cewa aljanu ne ko raunin imani. A yi masa addu'a, a kuma kai shi asibiti.