Ƙarin Gudun Intanet Kyauta: A Ina Kuɗin Yake Ɓuya?

A Birtaniya, inda akasarin gidaje ke biyan kuɗin intanet wata-wata, akwai wani saƙo da kan shigo wa mutane ta imel ko ta kiran waya. Kamfani ne ke cewa zai ɗaga gudun intanet ɗin gidan, a ce daga megabit 100 a daƙiƙa zuwa 250 ko 500, kuma ko kwabo ba za a ƙara a kuɗin wata ba. Sau da yawa maganar gaskiya ce, domin kuɗin watan gobe ba zai motsa ba. Sai dai ruwa ba ya tsami banza. Abin da kamfanin ke nema a madadin wannan alheri yana cikin takardar kwantiragi, a layin da ke nuna ranar da za ta ƙare.

Mu fara da dalilin da ya sa kyautar ba ta yi wa kamfanin nauyi. Idan wayar faiba, wato zaren gilashin da ke ɗaukar bayanai ta hanyar haske, ta riga ta shiga gida, to ƙarfin da take iya ɗauka ya zarce abin da aka sayar wa mai gidan nesa ba kusa ba. A tsarin GPON da ake amfani da shi a wurare da yawa, zare ɗaya na ɗaukar kimanin gigabit 2.5 a daƙiƙa, ana raba shi tsakanin gidaje talatin ko makamancin haka. Gudun da kowane gida ke samu iyaka ce da aka rubuta a kwamfutar kamfani. Ɗaga ta ba ya bukatar haƙa rami ko jan sabuwar waya, lamba ce kawai za a sauya. 

Irin wannan ƙarin kashi biyu ne, kuma bambanta su shi ne rabin aikin. Akwai wanda kamfani ke yi da kansa ba tare da ya tambayi kowa ba: ka wayi gari layinka ya ƙara sauri, tsohuwar yarjejeniyarka na nan yadda take. Wannan ba shi da wata illa ta kai tsaye. Akwai kuma wanda sai ka danna wani maɓalli a shafin kamfanin, ko ka ce wa ma'aikacin da ya kira ka "na amince". Duk inda aka nemi amincewarka, akwai yiwuwar sabon kwantiragi ne ake ƙullawa.

Kwantiragin intanet na gida a can yawanci wata 18 ne ko 24, kuma doka ba ta yarda a wuce 24 ba. Wanda ya so fita kafin wa'adin ya cika zai biya kuɗin karya yarjejeniya, wanda ake lissafawa daga watannin da suka rage. Wannan kuɗi ba abin rainawa ba ne, kuma an taɓa yin zalunci a kansa: a watan Nuwamban 2018 Ofcom, hukumar da ke sa ido kan harkar sadarwa a ƙasar, ta ci tarar kamfanin Virgin Media fam miliyan 7 da kamfanin EE fam miliyan 6.3 saboda sun karɓi fiye da kima daga masu barin su kafin lokaci. To mutumin da saura wata uku wa'adinsa ya cika, idan ya amince da ƙarin gudu, agogon ya koma farko. Wata ukun sun zama 24.

Dubi kuma lokacin da tayin ya fi zuwa. Tun watan Fabrairun 2020 Ofcom ta wajabta wa kamfanoni su sanar da mutum tsakanin kwana 10 zuwa 40 kafin kwantiraginsa ya ƙare, su kuma gaya masa mafi sauƙin farashin da suke da shi. Wanda ya fita daga wa'adi yana da ƙarfin ciniki: zai iya neman ragi, zai iya komawa wani kamfanin da ke zawarcin sababbin mutane da farashi mai rahusa. Daga Satumban 2024 ma sauya kamfani ya ƙara sauƙi, don sabon kamfanin ne ke ɗaukar ɗawainiyar sallamar tsohon. Wannan ƙarfin cinikin shi ne abin da kamfani ke saye da megabit ɗin da bai kashe kusan komai a kansu ba. A ganina nan ne asalin farashin yake, kuma shi ne abin da aka fi gaggawar wucewa a kansa a kiran waya.

Sai ƙarin kuɗi na shekara-shekara. Shekaru da dama manyan kamfanoni irin su BT da EE da Vodafone sun riƙa rubutawa a kwantiragi cewa kowace shekara, wajajen watan Afrilu, kuɗin wata zai tashi da adadin hauhawar farashi, a ɗora kashi 3.9 cikin ɗari a kai. Lokacin da hauhawar farashi ke ƙasa ba wanda ya damu. Da ta kai kashi 10.5 a ƙarshen 2022, sai masu hulɗa da BT suka ga ƙarin kashi 14.4 a 2023. Mai biyan fam 35 ya koma biyan kusan 40, kuma ba shi da damar fita kyauta, tunda ya sa hannu a kan sharaɗin tun farko. Da a ce ba a rubuta ƙarin a kwantiragi ba, da dole a ba shi sanarwar wata guda da izinin tafiya ba tare da tara ba.

Ofcom ta haramta wannan salo na ɗaure ƙarin kuɗi da hauhawar farashi a kan duk kwantiragin da aka ƙulla daga 17 ga Janairun 2025. Yanzu dole a faɗi ƙarin a fam da kwabo tun ranar ciniki. Gyara ne mai kyau, domin mutum ya san abin da zai biya. Amma akwai wani lungu da ya shafi batunmu kai tsaye. BT, alal misali, ya fara da fam 3 a wata ga masu intanet na gida, ba tare da la'akari da girman abin da mutum ke biya ba. A 2025 wanda ke kan tsohon tsari ya ga ƙarin kashi 6.4, wato fam 1.60 idan fam 25 yake biya. Da ya karɓi ƙarin gudu ya shiga sabon kwantiragi, fam 3 zai gani, kashi 12 ke nan na abin da yake biya. Mai ƙaramin ƙarfi da ya zaɓi tsari mai araha shi ya fi jin nauyin, kuma wannan bai yi mini daidai ba.

Mu ƙaddara kana biyan fam 30, ka amince a watan Oktoba. Wata shida za ka biya 30, wata goma sha biyu 33, wata shidan ƙarshe 36. Jimilla fam 792, alhali lissafin da ke kanka lokacin da aka ce farashi bai canza ba fam 720 ne. Idan kuma fam 30 ɗin farashin ragi ne, to da cikar wa'adi za a mayar da kai cikakken farashin sabon tsarin mai sauri, wanda ya fi na tsohon tsarinka tsada.

Akwai ƙananan caji da kan biyo baya: kuɗin aiko da sabuwar rauta, wato na'urar da ke raba intanet a cikin gida, kuɗin kunna layi, da tarar rashin mayar da tsohuwar na'ura, don yawanci aro ce. Waɗannan ana ganinsu da zarar an karanta takarda. Wanda ba a cika lura da shi ba shi ne batun wayar girke. Komawa cikakkiyar faiba kan zo tare da ɗauke layin tarho daga wayar tagulla a mayar da shi cikin rauta. Tsohon layi daga ofishin tarho yake samun wutarsa, saboda haka yana aiki ko an ɗauke wuta. Sabon kuwa yana mutuwa tare da rautar. Ga tsoho mai zama shi kaɗai, wanda ke rataye da na'urar kiran agaji da ta dogara da tsohon layi, wannan magana ce ta rai. An tsara rufe tsohon tsarin baki ɗaya a Janairun 2027, don haka sauyin na tafe ko ta yaya, amma ya kamata iyali su shiga da saninsu, su nemi batirin ko-ta-kwana da kamfanoni ke bai wa masu irin wannan bukata.

Bayan duk wannan, shin za a ma ji saurin a jika? Idan aka faɗaɗa bututun ruwa har ƙofar gida amma famfon da ke ciki siriri ne, ruwan da ke zuba a bokiti ba zai ƙaru ba. Tsohuwar kwamfuta mai ramin waya na megabit 100 ba za ta wuce nan ba ko layin na 1,000 ne. Wi-Fi yana raunana da nisa da kaurin bango, kuma kamfani a bakin rauta yake auna alkawarinsa, ba a ɗakin da ke can ƙurya ba. Netflix da kansa megabit 5 yake ba da shawara don kallon hoto mai kyau, 15 kuma don hoto mafi inganci na 4K. Gidan mutum huɗu da kowa ke kallon nasa zai wadatu da megabit 100. Sannan lambar da ake tallatawa ta sauke bayanai ce. Ta ɗorawa, wadda mai kiran bidiyo ko mai tura manyan fayiloli ke bukata, a layuka da yawa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na waccan ba, kuma ƙarin ba lallai ya taɓa ta sosai ba.

A Najeriya, inda aka fi sayen data kafin a yi amfani da ita, ɗaurin wata 24 bai zama ruwan dare ba, amma sauri na da nasa kuɗin. Manhajojin bidiyo na ɗaga ingancin hoto da kansu idan suka ga layi na gudu, kuma awa guda ta 4K a Netflix na iya cin gigabait 7 a inda hoto matsakaici ke cin kusan 1. Tsarin da aka kira mara iyaka ma sau da yawa yana da sharaɗin rage gudu idan an kai wani adadi.

Ba kowane tayi ne abin gudu ba. Wanda dama ba shi da niyyar sauya kamfani, ba ya shirin tashi daga gidan, kuma layinsa na yanzu na shaƙewa da dare, zai iya amfana ƙwarai. Ɗalibi ko ma'aikacin jinya da ke haya, wanda bai san inda zai kasance baɗi ba, shi ya kamata ya fi kowa taka-tsantsan, domin idan ya koma unguwar da kamfanin ba ya kaiwa, ba kowane kwantiragi ne ke yafe kuɗin fita ba.

Tun Yunin 2022 dole kamfani ya ba mutum taƙaitaccen bayanin kwantiragi a rubuce kafin amincewarsa ta zama ɗauri. A ciki za a duba sabuwar ranar ƙarewa, ƙarin kowace shekara, da farashin bayan wa'adi. A nemi kuma mafi ƙarancin gudun da aka lamunce, domin a ƙarƙashin ƙa'idar Ofcom ta 2019, wadda manyan kamfanoni da dama suka rattaba wa hannu, idan gudu ya faɗi ƙasa da wannan lamba kuma aka kasa gyarawa cikin kwana 30, mutum na iya tafiya ba tara. Wanda ya riga ya ce to a waya ko a intanet yana da kwana 14 na janyewa, sai dai za a iya cajinsa kuɗin kwanakin da ya yi amfani da sabon layin, kuma ya kamata ya tambaya a rubuce ko za a mayar da shi kan tsohon tsarinsa da tsohon farashinsa.