Leda a Juji, Leda a Murhu

A gidan Bahaushe na da, da wuya ka ga abin da aka rasa yadda za a yi da shi. Dusa ta awaki ce, sauran tuwo a yi ɗumame, toka a tace ta don miya ko a zuba a masai ta kashe wari. Kashin dabbobi da sharar tsakar gida su taru a juji, kafin saukar damina jakuna su kwashe a mangala zuwa gona. Haka na taso na gani a Kalgo, kuma har yau ana yi, sai dai amalanke da mota sun rage wa jaki aiki. Abin da ya sauya shi ne cikin jujin.

Duk wanda ya bi hanyar Jega ko ta Bunza da bazara zai ga tsibi-tsibin taki a gonaki, kowanne da baƙar leda da ledar fiya-wata suna leƙowa. Taki zai ruɓe ya bi ƙasa, leda ba za ta ruɓe ba. Baɗi garma ta sake tono ta. Wadda iska ta kwasa kuwa dabbobi ne ke lashe ta, musamman in da maiƙo ko gishiri a jiki. Tambayi mahauci abin da yake tararwa a tumbi. Mace ta shekara tana kiwon rago don layya, ya yi ta ramewa ciki na kumbura, a yi ta sayen magani, sai an yanka a ga dunƙulen leda.

Garin ma ya cika. Tun da Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, ta samu mazauni a Kalgo, shaguna da masu abinci suka ƙaru, alheri ne babba, amma kowane ciniki da ledarsa. Ƙosan naira ɗari leda, manja leda, koko mai zafi ma leda.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ledar ke ƙarewa a cikin gida. Da safe, ko da damina in itace ya jiƙe, mata da yawa da ita suke hura wuta: a kunna ta, ta narke tana ɗiga a kan itacen har ya kama. Na taɓa yi wa wata gwaggona magana, ta dube ni ta ce, "To mi za a yi, ɗan nan? Icce ya jiƙe, kananzir ya fi ƙarfinmu. Kai ka zo ka hura." Ban ga laifinta ba. Tun da aka janye tallafin mai a watan Mayun 2023 komai ya tashi, gidaje da dama da suka saba da tukunyar gas suka koma gawayi da itace.

Sai dai hayaƙin itace shi kaɗai ma ba ƙaramin abu ba ne. Yana ɗauke da ƙurar da ido ba ya gani, mai ratsawa har can cikin huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida ta yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, fiye da 237,000 daga ciki yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Ciwon huhu, shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya suna cikin abin da take haddasawa. Mai girki ce kan gaba wajen shaƙa, sai goyon da ke bayanta. A ƙasar shinkafa irin tamu, inda mata ke wuni kan wuta suna turara shanshera, abin ya ninka. A ƙara hayaƙin leda a kai, da na tsohon silifas da guntun tiyo da ake cusawa in an share gida, waɗanda wasunsu ke fitar da guba mai daɗewa a jiki.

Nijar ta yi dokar hana leda a 2014, amma wanda ya tsallaka Kamba zuwa Gaya ya san ba a daina ƙulla kaya a cikinta ba. Ruwanda ta hana a 2008 ta kuma tsare dokar da gaske. Ni dai ban sa rai ga doka a nan kusa ba, don haka nake duba abin da ke hannun matar gida da maigida.

Madafa ta samu taga ko a yi girki a fili, a sauke goyo a ba wani ya riƙe. A killace itace tun kafin ruwa ya sauka, a ajiye busasshen kara da totuwar masara don hura wuta. Murhun laka da aka kewaye yana tsare zafi fiye da duwatsu uku a buɗe, akwai kuma murhun ƙarfe irin Save80 da ake haɗawa a Kano, mai cin 'yan ƙirare, ga wanda ya samu hali. Da hunturu kada a kwana da kaskon rushi a ɗaki a rufe. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, tana kashewa cikin barci.

Shara kuwa a raba ta tun daga bakin tsintsiya: mai ruɓewa juji, leda wani buhu daban. A nan ne gizo ke saƙa. 'Yan jari-bola suna sayen ƙarfe, gwangwani da robar da ta fashe, baƙar leda kuwa ba su da kasuwarta. In buhun ya cika, ƙona shi cuta ne, zuba shi a kwata ya toshe ruwa sauro ya samu gida. Tanadin wurin tara ta aikin ƙaramar hukuma ne, kuma ya kamata masu unguwanni su matsa a kai. Kafin nan abin da ya rage shi ne kada ta shigo da yawa: yaro ya tafi sayen ƙosai da kwano, manja a kai kwalba, mai cefane ya riƙe jakarsa ranar kasuwa ya ce wa mai tumatir ya juye masa a ciki.